Inshorar tafiya: wannan kuɗin da ake cirewa kafin a biya mutum, na mene ne?

Daga Zauren Matafiyan Gombe da Bauchi

Adda Hauwa (Tumfure): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ni da Baffanku za mu je Jamus wajen 'yarmu da ta haihu, wata guda za mu yi in Allah ya yarda. Cikin takardun biza an ce sai da inshorar tafiya. Ejan ya turo min guda biyu in zaɓa. Duka biyun an rubuta za su biya har Yuro 30,000, amma ɗaya ta fi ɗaya tsada sosai. Na tambaye shi bambancin, ya ce mai arahar tana da ekses na dala 100, mai tsadar ba ta da shi. Na ce mene ne kuma ekses, ya ce ba wani abu ba ne, in ɗauki mai araha kawai. Ni kuwa abin da aka ce min ba wani abu ba ne, shi nake tsoro.

Modu: Wa alaikumus salam Adda. Barka da arziki, Allah ya raya. Fulani za su Jamus, to Allah ya sa ana sayar da kindirmo a can.

Adda Hauwa (Tumfure): Modu ka kiyaye ni. Babarbaren da ko Damaturu bai taɓa wucewa ba shi ne zai yi min maganar Jamus?

Hamma Buba Pantami: Adda ki ɗauki mai araha ki huta. Wannan takardar don biza kawai ake yin ta. Na daɗe ina zuwa Dubai da Caina, ban taɓa ganin wanda inshorar tafiya ta ba shi ko sisi ba. Mai tsada da mai araha duk ɗaya ne, kuɗinki ne ya tafi. To gara wanda ya tafi ya zama kaɗan.

Kawu Garba (Bauchi): Barka da arziki Hauwa, Allah ya raya jariri. Na yi aiki a wannan harka kafin in yi ritaya, bari in faɗa miki yadda take.

Ekses ba kuɗi ne da za ki biya yanzu ba. In kun je kun dawo lafiya, ba wanda zai tambaye ki komai. Shi ne kason farko na asara wanda ke da kanki za ki ɗauka, abin da ya haura shi ne na kamfani. A ce kin je asibiti a can, lissafi ya kama dala 350. Kamfani zai biya 250, ke ki cika 100. In lissafin ya kama dala 9,000, su biya 8,900. In kuwa dala 80 ne, ba za su ba ki komai ba, domin bai kai wurin da aikinsu yake farawa ba.

To kin ga a babbar lalura ɗari ba komai ba ce. A ƙananan abubuwa ne take cinye diyyar gaba ɗaya. Kuma ina zaton abin da Buba yake gani ke nan: yawancin abin da ke samun matafiya ƙanana ne, mura, ciwon ciki, akwatin da ya fashe, sai a je neman diyya a tarar ba ta wuce ekses ba.

Hamma Buba Pantami: Kawu ai maganata ka maimaita da ladabi. Na biya kuɗi don in wani abu ya same ni a biya ni, abu ya same ni, an ce in fara biyan kaina. Idan wannan ba wayo ba ne, mene ne?

Kawu Garba (Bauchi): Buba, kana da gidan haya a Bolari, ko na yi ƙarya? In kwan fitila ya mutu ko bakin famfo ya lalace, ɗan haya ne ke gyarawa. In iska ta yaye kwano, kai ake kira. Da za ka ɗauki gyaran kwan fitila da famfo, da kuɗin hayar ba haka yake ba, kuma da ba wanda zai kula da famfon.

Haka take a nan. Duk takardar neman diyya sai an sa ma'aikaci ya karanta, ya duba rasit, wani lokaci a kira asibitin da ke wata ƙasa a tabbatar. Aikin da za a yi a kan dala 30 zai iya cin fiye da dala 30. In kamfani ya ce zai biya kowane ɗan abu, to a kan kuɗin inshorar kowa zai ɗora. Shi ya sa wadda aka turo wa Hauwa marar ekses ta fi tsada. Ba kyauta suka yi ba, sayar mata da yafewar suka yi.

Ba ina cewa kamfanoni waliyyai ba ne. Akwai inda suke ɓoye wa mutane wuƙa, kuma a nan ne nake so Hauwa ta buɗe ido.

Adda Hauwa (Tumfure): Ina ji Kawu. Wace wuƙa?

Kawu Garba (Bauchi): Ɗarin nan da aka rubuta, a yawancin takardu ba sau ɗaya ake cire ta a tafiya ba. Ana cire ta a kan kowane mutum, kuma a kan kowace lalura. Ku biyu ne a takarda ɗaya. A ce kun ci wani abu ya ɓata muku ciki, kun ga likita, kowa dala 120. Kin kashe 240, kina lissafin za a cire 100 a ba ki 140. A'a. Za a cire ɗari a naki, a cire ɗari a nasa, a ba ku 40 ku biyu. Bayan mako biyu Baffa ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa, wannan sabuwar lalura ce, sabuwar ɗari. Amma in komawa asibiti aka yi a kan ciwon farko, yawanci ɗaya ake ƙirgawa.

Wadda ta fi ba mutane haushi ita ce ta sashe-sashe. Takardar inshorar tafiya a rarrabe take: magani daban, kaya daban, tsabar kuɗi daban, fasfo daban, fasa tafiya daban. Wasu kamfanonin kowane sashe da nasa ekses. A ce ɓarawo ya fizge jakar hannunki a tashar jirgin ƙasa, akwai waya, akwai kuɗi, akwai fasfo, kin kuma faɗi kin ji ciwo a hannu. A wurinki abu ɗaya ne ya faru. A wurinsu sashe huɗu aka taɓa, za su iya cirewa sau huɗu. Wasu kuma sun rubuta cewa in abu ɗaya ne ya jawo, sau ɗaya za su cire. Ki sa a nuna miki wanne ne naki.

Maman Sadiq: Kai, Kawu ka taɓo min inda yake ƙaiƙayi. Ni abin ya taɓa faruwa da ni. Na dawo daga Dubai, muka sauka Kano, kowa ya ɗauki kayansa, bel yana ta juyawa babu komai a kai sai wani kwali ɗaure da igiya. Akwatina ɗaya babu shi. Akwai abayoyi da turaruka na sayarwa, da kayan sawata. Na cike takarda a nan filin jirgin, na dawo Gombe na nemi masu inshora.

Da farko suka ce kayan sayarwa ba sa ciki, kayan amfanin kai kawai suke biya. Shi ke nan rabin akwati ya tafi. Sai kayan sawata, suka ce in kawo rasit. Wa ke ajiye rasit ɗin atamfar da aka ɗinka bara? Waɗanda na samu kuma suka ce an sa su, sun tsufa, suka rage musu kuɗi. Lissafi ya tsaya dala 160. Sai ga ekses ya zo ya ɗauke 100. Ko kuɗin motar da na kashe a zirga-zirga sittin ɗin ba ta mayar min ba.

Hamma Buba Pantami: To jama'a kun ji. Ba ni na faɗa ba.

Kawu Garba (Bauchi): Allah ya mayar da alheri Maman Sadiq. Kin nuna tsarin yadda yake: a rage tsufa, a duba iyakar da aka sa wa kowane abu guda, sannan a cire ekses. Iyakar nan ma mutane ba sa lura da ita. Za ka ga an rubuta kaya dala 1,000, a ƙasa da ƙananan haruffa an ce abu guda ba zai wuce 200 ko 250 ba. Wayar dala 900 ta ɓata, a kan iyakar za a tsaya, a cire ekses daga ciki. Gwal da kuɗi da kwamfuta kuwa in a akwatin da ya shiga cikin jirgi aka sa su, yawanci ba ruwansu.

Amma ina da tambaya: kamfanin jirgin fa? Shi ne na farko da ya kamata ya biya ki.

Maman Sadiq: Sun biya, bayan an sha wuya. Kuma gaskiya abin da suka bayar ya fi na inshora nesa ba kusa ba.

Kawu Garba (Bauchi): Yawwa. 'Yan kasuwar zauren nan ku riƙe wannan. Akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, Najeriya tana ciki, ita ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da ka ba shi amana. An ɗaga iyakar daga 28 ga Disamba 2024 zuwa 1,519 na ma'aunin kuɗin Asusun Lamuni na Duniya, wato wajen dala 2,000 ga kowane fasinja. Ba wai kai tsaye za a miƙa maka wannan adadin ba, iyaka ce, sai ka nuna abin da ka yi asara. Amma babu ekses a ciki. In akwati ya lalace, kwana 7 gare ka ka rubuta musu. In ya makara, kwana 21 daga ranar da ya zo hannunka. In ya kwana 21 bai zo ba, ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. Kada ka bar filin jirgi ba ka cike takardar rahoton kaya ba, ka kuma riƙe ɗan sitikan da suke manna maka a bayan tikiti. Ba tare da su ba, jirgi ba zai saurare ka ba, inshora ma haka. Kuma ba a cin biyu: abin da jirgi ya biya, inshora za ta cire shi daga nata.

Don haka a maganar kaya, Buba, na ba ka gaskiya. Ni kaina ba don akwati nake sayen inshora ba.

Hamma Buba Pantami: Alhamdulillah, yau Bauchi ta sallama wa Gombe.

Kawu Garba (Bauchi): Yaro, a 1996 muka yaye ku, kada ka manta. Rabi na ba ka. A maganar asibiti ba ka da gaskiya ko kaɗan.

Dakta A'i: Assalamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Hamma Buba, da girmamawa, ba ka ga wanda aka biya ba ne domin Allah ya tsare ka da abokan tafiyarka. Wanda aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman a Turai, ko aka yi masa tiyatar gaggawa, ko aka dawo da shi gida a kwance da ma'aikacin jinya a gefensa, shi ya san amfaninta. Yuro 30,000 ɗin da Adda ta gani ba ejan ne ya ƙirƙira ba, dokar bizar Shengen ce ta 2009, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Jamus take ciki: dole inshorar ta ɗauki maganin gaggawa, kwanciya asibiti, da dawo da mutum gida ko da rai ko ba rai, ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, ta kuma rufe duk kwanakin zaman.

Amma Kawu, akwai inda ban bi ka ba. Ka ce a babbar lalura ɗari ba komai ba ce, haka ne a lissafi. Ni abin da nake gani a wurin aiki daban ne. Dattijo in ya san kuɗin ganin likita daga aljihunsa zai fita, ko daga aljihun 'yarsa, to ba zai faɗa ba. Zai ce ɗan nauyin ƙirji ne, sanyin garin ne, bari in sha shayi da citta. Kunyar suruki ma kaɗai ta isa ta hana shi magana. Kwana uku ana haka, abin da za a tare da ƙwayoyi sai ya koma motar asibiti. Saboda haka ga mutanen da suka manyanta, ni nawa ra'ayin a sayi marar ekses a sashen magani, ko da ta fi tsada. Ba don a ci riba ba, don kada a tsaya lissafi ranar da ba ta lissafi ba.

Kawu Garba (Bauchi): Wannan ban da ja, Dakta. Ni lissafin takarda na sani, ke kin san mutane.

Adda Hauwa (Tumfure): Dakta kamar kin san Baffanku. Mutumin da ko hawan jininsa sai an yi faɗa yake zuwa a gwada.

Dakta A'i: To Adda, wannan da kika faɗa ya fi maganar ekses nauyi. In yana da hawan jini ko suga, dole ku faɗa wa kamfanin tun kafin a sayi takardar. Yawancin irin waɗannan inshora ba sa ɗaukar ciwon da mutum ya riga ya san yana da shi, sai an bayyana sun amince a rubuce. Wasu za su amince su ƙara kuɗi, wasu su ƙara ekses a kan wannan ciwon kaɗai, wasu su ce a'a. In aka ɓoye, aka je can jini ya hau, likitan can zai rubuta tarihin ciwon a rahotonsa, kamfani ya gani ya janye hannu. Sannan ba maganar ɗari ake ba, duk lissafin ne a kanku. Ku tafi da magungunansa na wata guda da ƙari, a cikin kwalayensu, da takardar likita. Ku kuma duba shekaru, wasu takardun suna ninka ekses ga wanda ya haura 65 ko 70.

Masu zuwa Masar da Indiya neman magani su ma su sani, inshorar tafiya ba ta biyan jinyar da aka tafi dominta.

Sani Ejan: Jama'a ina karantawa, na ga ana ta jifan ejan a kaikaice. Ba ni na turo wa Adda ba, amma bari in kare 'yan'uwana. Mutum zai shigo ofis ya ce "wacce ce ta fi araha da za a ba ni biza da ita?" Ka fara yi masa bayani ya ce ba shi da lokaci, motar Abuja za ta tashi. Takardar sharuɗɗa shafi ashirin da wani abu ce da Turancin lauyoyi. Ka tura masa ba zai buɗe ba. Sai abu ya faru a ce ejan ya cuce shi.

Maman Sadiq: Sani, mu shafi ɗaya kuke ba mu, mai tambari da lamba. Sauran sai da akwatina ya ɓata na san akwai su.

Sani Ejan: Wannan kam laifi ne, ban musa ba. Duk wanda ya saya ya ce a ba shi cikakkiyar takardar, haƙƙinsa ne. Akwai jadawali a ciki, gefe ɗaya iyakar abin da za a biya, gefe ɗaya abin da za a cire. Shafin nan kaɗai in ka karanta ka san rabin zancen. Abin da ya fi damuna ma shi ne takardun bogi, waɗanda ake gyarawa a kwamfuta a canza suna. Wannan ba ekses ba komai, ranar da ka kira lambar ba wanda ya san ka. Ku kira kamfanin da kanku ku ba su lambar takardar su tabbatar. Ku duba ko yana cikin masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, in kuma Shengen ne, ko yana cikin waɗanda ofishin jakadancin ya amince da su.

Malama Rabi (Fadaman Mada): Kawu ni tambayata, wannan ba irin kashi goma cikin ɗari ba ne da muke biya a kan magani a inshorar lafiya ta ma'aikata?

Kawu Garba (Bauchi): 'Yan'uwa ne amma ba ɗaya ba, Malama. Naku na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, kaso ne, yana girma tare da lissafi: maganin dubu goma ki ba da dubu, na dubu ɗari ki ba da dubu goma. Ekses irin na Hauwa tsayayye ne, ɗari ce ko lissafi ya kai nawa. A ƙaramin abu kaso ya fi sauƙi, a babba tsayayyen ya fi. Wasu inshorar zuwa Amurka suna haɗa biyun, ka fara biyan tsayayyen, sannan a raba sauran, su 80 kai 20. A ƙasar da lissafin asibiti ke kai dubun-dubatar daloli, kashi 20 ɗin nan sai ya sa mutum sayar da fili. In kin ga alamar kaso a jadawali, ki nemi inda aka rubuta iyakarsa.

Akwai kuma wanda ba kuɗi ba ne, awoyi ne. Jinkirin jirgi, a ce sai ya wuce awa 6 ko 12 kafin a fara ƙirga maka. Jirginka ya makara awa biyar, ka sha zama, ba ka da komai a wurinsu.

Modu: Da jiragen cikin gida ake wannan lissafin, da wasunmu sun gina gida.

Ustaz Jekadafari: Assalamu alaikum. An yi ta maganar riba da asara, ba wanda ya taɓo halacci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari, wato rashin tabbas, mai yawa a cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan sadaukarwa. Ita ce takaful. Tun 1979 aka fara ta a Sudan, a nan gida ma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Wanda biza ta tilasta masa kuma bai sami wata ba, malamai da yawa suna ganin lalura ce. Amma in akwai zaɓi, a nema.

Hamma Buba Pantami: Allah gafarta Malam, su ma suna cire wannan ɗarin?

Ustaz Jekadafari: Wannan sai Kawu.

Kawu Garba (Bauchi): Za ka iya tarar da shi a can ma, Buba, domin dalilin bai canza ba. Bambancin shi ne asusun na mahalarta ne, kamfani wakili ne mai kula da shi. Abin da ba a kashe a ƙananan buƙatu ba yana nan a asusun, in shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Amma jadawalin nan dai sai ka karanta shi, sunan takaful ba ya ɗauke maka karatu.

Goggo Dija: Ni 'ya'yana Umara zan je da azumi. Ni ma sai na sayi wannan abin?

Sani Ejan: Goggo ke taki tana cikin kuɗin biza. Tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshorar lafiya da bizar Umara, tana ɗaukar jinyar gaggawa har riyal 100,000. Ki sa wanda ya yi miki biza ya fitar miki da takardar ki riƙe tare da fasfo. In za ki ya da zango a wata ƙasa ki kwana biyu, wannan ba ta kai can ba, a Saudiyya take aiki.

Goggo Dija: Allah ya yi albarka.

Nura (ATBU): Kawu ni da ƙuruciyata da lafiyata, in kamfani ya ce in ƙara ekses da kaina a rage min kuɗi, in karɓa?

Kawu Garba (Bauchi): Ka yi lissafi biyu. Nawa aka rage maka, nawa aka ƙara maka? In an rage maka naira dubu takwas aka ɗaga ekses daga dala 50 zuwa 250, ka sayar da dala 200 a kan dubu takwas ke nan, sai dai in kana da tabbacin ba abin da zai same ka, wanda ba mai shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: adadin da ka zaɓa, kana da shi a katinka ranar da kake tsaye gaban mai karɓar kuɗi a asibitin wata ƙasa? Ɗalibi da kuɗin abincinsa a ƙirge, kada ya zaɓi abin da sai ya buga waya gida a yi masa karo-karo. Kuma wanda ka ƙara da kanka hawa yake yi a kan na dole, ba maye gurbinsa yake ba.

Hamma Buba Pantami: Ni dai har yanzu mai araha zan riƙa saya. Amma na ji maganar Dakta, in da tsohuwa zan yi tafiya zan canza.

Maman Sadiq: Kawu saura abu ɗaya da ya ɗaure min kai a lokacin. Da naira na sayi inshorar, amma ekses da dala aka rubuta. Da suka zo biya na da naira suka biya, kuma canjin da suka yi amfani da shi ba shi ne na kasuwa ba. Wa ke yanke wannan?

Kawu Garba (Bauchi): Takardar sharuɗɗa ce ke yankewa, shi ya sa nake ta nanata ta. Wasu sun ce canjin ranar da aka kashe kuɗin, wasu na ranar da za su biya, kuma na hukuma suke bi ba na 'yan canji ba. A lokacin da naira ke tangal-tangal, watanni biyu tsakanin kashewa da biya ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda bai ga wannan layin ba ya tambaya a rubuce kafin ya biya, ya ajiye amsar.

Hanyar kauce wa duk wannan a babbar jinya ita ce a kira lambar gaggawar da ke jikin takardar tun kafin a kwantar da mutum, ko da zarar an samu hali. Su za su yi magana da asibitin su biya kai tsaye da kuɗin ƙasar, kai kuma ka ba da ekses ɗinka a nan. In ka biya da kanka ba ka sanar da su ba, wasu za su ce ba su ba da izini ba. A ƙananan abubuwa kuma ka biya da kati in da hali, don takardar banki ta nuna ainihin abin da ya fita, ka karɓi rasit da rahoton likita mai tambari. In sata ce, rahoton 'yan sandan garin, yawanci cikin awa 24 suke so. In an yi duk wannan kamfani ya tsaya wasa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, a rubuta musu a haɗa da kwafin komai.

Maman Sadiq: Lambar gaggawar nan ta ƙasar waje ce ai, layinmu ba ya kira in an fita.

Sani Ejan: Wasu suna da ta WhatsApp, ki tambaya. In babu, ki ba wanda zai tarbe ki lambar da hoton takardar tun kina gida, shi ya kira da layinsa.